Rabin Kujeru: Zazzagawa a Majalisar Ikko

A watan Janairun 1950 manyan ƙasar nan suka hallara a Ibadan domin gyara tsarin mulkin da Gwamna Richards ya bari. Sarakuna sun zo, lauyoyi sun zo, malaman makaranta da 'yan jarida sun zo. Da aka kai kan maganar majalisar tsakiya, wadda za ta riƙa yi wa ƙasa duka doka, sai aka kawo shawarar a ba Arewa kujeru 45, Gabas 33, Yamma 33. A nan ne Sarkin Zazzau Ja'afaru ɗan Isiyaku ya faɗi maganar da har yau masu tarihi ba su daina komawa kanta ba. Ya ce in ba a ba Arewa rabin kujerun majalisar ba, to Arewa za ta nemi a raba ta da sauran ƙasar, a koma yadda ake kafin haɗewar 1914. Sarkin Katsina Usman Nagogo ya mara masa baya.

Mai karatu na yau zai iya jin maganar ta yi tsauri, kuma ta yi. Amma a duba inda mai maganar ya fito. Tun da Turawa suka kama ƙasar Hausa har zuwa 1947, babu ɗan Arewa ko ɗaya da ke zaune a majalisar dokoki ta Ikko. Gwamna ne ke yi wa Arewa doka da sa hannunsa kawai, takarda ta bi ta hannun Razdan ta iso fada. Zazzagawa kuwa sun san abin da iko mai zuwa daga nesa ke iya yi. Turawa sun tuɓe Sarki Kwasau a farkon zuwansu, suka kuma tuɓe Alu ɗan Sidi, suka kai shi Lokoja, can ya rasu. Ja'afaru, wanda ya hau gado a 1937, ya girma ne yana ganin waɗannan abubuwa. Ban da haka, ba sai ya je Ikko ba kafin ya ga ratar da ke tsakanin Arewa da Kudu a ilimin boko. In mutum ya fita ta Ƙofar Doka, ya ratsa Tudun Wada, ya haye Kubanni ya shiga Sabon Gari, zai iske akawunan tashar jirgi da na gidan waya da na kantunan Turawa galibinsu mutanen Kudu ne. Tsoron sarkin shi ne Bature ya tafi, wani ya gaje kujerarsa, Arewa na kallo. Ina ganin tsoron nan na gaskiya ne, ko da yake sarakunan da En'e suna da nasu kason na laifin jinkirin makarantu a ƙasarsu.

An kai ruwa rana, daga baya aka amince. Tsarin mulkin Macpherson na 1951 ya kafa Majalisar Wakilai mai zaɓaɓɓun wakilai 136: Arewa 68, Gabas 34, Yamma 34. Ƙidayar jama'a ta 1952 zuwa 1953 ta zo ta nuna Arewa na da mutum kusan miliyan 17 cikin miliyan 30 da ɗoriya, wato abin da sarkin ya nema bai ma kai yawan jama'ar ba. Duk wata majalisa da Nijeriya ta yi daga baya, a kan wannan tubali aka ɗora ta.

Samun kujeru abu ne guda, cika su wani abu ne daban. Majalisar Ikko da Turanci take magana, da Turanci take rubutu. Duk malantar mutum a fiƙihu da nahawu, ko da ya ƙare littattafai a zaurukan Unguwar Juma ko Kona, in ba ya jin Turanci ba shi da abin yi a can. Birnin Zariya cike yake da masana, ɗalibai na zuwa daga nesa don su zauna gaban malamansa, amma 'yan ƙalilan ne a cikin ganuwa za su iya miƙewa su yi muhawara da lauyan da ya yi karatu a Landan. Saboda haka rijiyar da aka ɗebo wakilan Arewa daga cikinta ƙarama ce ƙwarai: waɗanda suka yi Midil, sannan Kwalejin Katsina, wadda ta koma Kaduna a 1938, ta kuma dawo Zariya a 1949, ita ce Barewa ta yau. Suna gama karatu sai En'e ta ɗauke su, wannan malamin makaranta, wancan magatakarda, wani ma'aji, wani hakimi. Abubakar Tafawa Ɓalewa, Ahmadu Bello, Aliyu Makaman Bida, Shehu Shagari, Maitama Sule, duk ta wannan hanya suka biyo. Da yawansu sun san juna tun suna kwana a ɗaki ɗaya a makaranta.

Yadda aka zaɓe su a 1951 ma abin lura ne. Ba a ba talaka ƙuri'a ya jefa wa ɗan majalisar Ikko kai tsaye ba. Magidanta masu biyan haraji su taru a unguwa ko ƙauye su fitar da wakilai, waɗannan su je matakin gunduma su fitar da wasu, a hau zuwa matakin masarauta, a ƙare a matakin lardi. A wannan mataki na ƙarshe En'e tana da ikon shigo da nata mutane cikin masu zaɓe. Waɗanda lardi ya fitar su ne 'yan Majalisar Dokokin Arewa a Kaduna, daga nan kuma sai wakilan Arewa da sarakuna su zaɓi mutum 68 da za su tafi Ikko. Kafin muryar mai saƙa a Kwarbai ko marini a Ƙofar Gayan ta hau waɗannan matakai, ta riga ta dusashe. A Kano jam'iyyar NEPU ta yi rawar gani a matakan farko, amma da aka isa sama babu ɗanta ko ɗaya da ya tsira, har da Malam Aminu Kano.

Akwai wani abu da Zariya ta fi sauran garuruwan Arewa da shi a wancan zamani, shi ne gidan buga littattafai da jarida. Hukumar fassara da talifi ta zauna a Zariya tun shekarun 1930 a hannun Rupert East, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Janairun 1939, Kamfanin Gaskiya kuma aka kafa shi a Tudun Wada a 1945. Aikin mutanen wannan gida kullum shi ne su ɗauki maganar gwamnati da labarin duniya su mai da su Hausar da za a karanta a zaure a fahimta, su kuma karanta wasiƙun da jama'a ke aikowa daga ko'ina. Babu wata makarantar siyasa da ta fi wannan a Arewa a lokacin. Ba mamaki da aka tashi kafa ƙungiyar 'yan boko a 1948, Zariya na cikin wuraren da aka fara taro, kuma Dakta R. A. B. Dikko na Wusasa, likitan farko daga Arewa, shi ya zama shugaban Jam'iyyar Mutanen Arewa na farko. A 1951 ne ƙungiyar ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa, wato NPC.

Mutum biyu daga gidan Gaskiya sun isa majalisar Ikko, kuma sun cancanci a tsaya a kansu. Na farko Abubakar Imam, mutumin Kagara da ya mai da Zariya gida har ya rasu a 1981. Yara sun san shi da Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce, kaɗan ne ke tuna cewa ya yi zaman majalisa a farkon shekarun 1950. Tun a 1943 ya je Ingila cikin ayarin 'yan jaridar Afirka ta Yamma tare da Nnamdi Azikiwe. A can Azikiwe ya shirya takardar neman mulkin kai, Imam bai sa hannu ba, domin a ganinsa Arewa ba ta shirya ba. Amma shi ɗin ne kuma ya zauna da Lugard ya zayyana masa illolin da ke cikin mulkin En'e, da yadda ake danne 'yan boko da talakawa. Mutum ne mai son gyara daga cikin gida, ba mai son rushe gidan ba, kuma yawancin wakilan Arewa na farko a nan suka tsaya. Bai daɗe a siyasa ba, ya koma aikin hukuma.

Na biyu ɗan cikin ganuwa ne, Nuhu Bamalli, daga gidan sarautar Mallawa, zuriyar Malam Musa wanda ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu. An haife shi a 1917. Shi ma ya yi shekaru yana aikin fassara da talifi, shi ya rubuta Mungo Park Mabuɗin Kwara da Bala da Babiya. Ya zama sakataren tsare-tsare na NPC, aikin da ke sa mutum ya san kowace gunduma da mai faɗa a ji a cikinta. Ya shiga majalisar tarayya, ya riƙe sarautar Magajin Garin Zazzau, ya yi ƙaramin minista a ma'aikatar harkokin waje, a 1965 kuma ya zama cikakken ministan ma'aikatar. A tsarin wancan lokaci ba a naɗa minista daga waje. Sai mutum yana da kujera a majalisa, kuma dole ya tsaya gaban 'yan uwansa ya amsa tambaya a kan ma'aikatarsa. Wannan yana cikin kyawawan abubuwan tsarin da muka bari a baya, kuma ina ganin mun yi asararsa.

Majalisar farko ba ta yi tsawon rai ba. Ranar 31 ga Maris 1953 Anthony Enahoro na jam'iyyar AG ya kawo ƙudurin a ba Nijeriya mulkin kai a 1956. Sardauna Ahmadu Bello ya nemi a cire shekarar, a ce da zarar hali ya yi. Wakilan Kudu suka fice, ministocin AG suka ajiye aiki. Da wakilan Arewa suka fito sai taron jama'a ya yi musu ihu da zagi a titunan Ikko, aka kira su 'yan koren Turawa, a tashoshin jirgi ma ba a ƙyale su ba har suka tsallake zuwa gida. Ga mutanen da suka tashi a inda ake tuɓe takalmi kafin a gai da babba, wannan ba ƙaramin ciwo ba ne, kuma bai warke da wuri ba. A watan Mayu rikici ya ɓarke a Kano, mutum 36 suka mutu bisa lissafin hukuma. Majalisun Arewa suka fitar da buƙatu takwas waɗanda da an bi su da gwamnatin tsakiya ta zama ofishin kula da kwastan da tsaro kawai. Sai da aka je Landan, aka dawo Ikko aka sake zama, sannan aka samu tsarin tarayya na 1954.

Wannan tsari shi ya yanke wa ɗan majalisar Ikko matsayinsa a idon mutumin birni, kuma a nan ne nake ganin asalin raunin majalisar yake. An raba iko. Ikko ta riƙe soja, harkokin waje, kuɗi, kwastan, jirgin ƙasa da gidan waya. Abin da ke taɓa rayuwar talaka kullum kuwa ya zauna a Kaduna da fada: haraji da jangali, kotun alƙali, 'yan doka, gidan yari, makarantar elemantare, asibitin En'e, har da farashin auduga da gyaɗa, wanda hukumar ciniki ta jiha ke yankewa. Manomin da ya kai audugarsa kasuwa bai da abin da zai tambayi wakilinsa na Ikko. In yana da kuka, wajen dagaci zai kai, dagaci ya kai wa hakimi. An kuma hana mutum ɗaya riƙe kujera a majalisu biyu, kowa sai ya zaɓa. Sardauna, shugaban jam'iyya, ya zaɓi Kaduna ya zama Firimiya, ya bar mataimakinsa Abubakar Tafawa Ɓalewa a Ikko, inda ya zama Firayim Minista a 1957. Kowa ya fahimci abin da wannan zaɓi ke nufi game da inda nauyi yake. Sabuwar majalisar tana da kujeru 184, Arewa na da 92.

Ma'aikatan majalisar da al'adunta daga Ingila aka kwaso su ɗungurungum. Wanda ya shugabanci zaman daga 1955, Sir Frederic Metcalfe, tsohon Akawun majalisar talakawan Ingila ne, an kawo shi musamman ya koya wa sababbin wakilai ƙa'ida. Ana shigowa da sandar majalisa a gaban shugaba, a ajiye ta bisa tebur, in ba ta nan babu zama. Akawu da mataimakansa na zaune ƙasa da kujerar shugaba, su ke tsara jadawalin rana, su ke riƙe da kundin ƙa'idoji. Masu rubutun gaggawa na ɗaukar kowace kalma, a buga ta a littafin muhawara. Doka sai an karanta ta sau uku. Kowace jam'iyya tana da mai tsawatarwa, wanda aikinsa shi ne ya tabbatar mutanensa sun hallara sun kuma jefa ƙuri'a inda aka ce. Maitama Sule ya riƙe wa NPC wannan aiki yana saurayi. Bayan Metcalfe sai Jaja Wachuku, ɗan ƙasa na farko a kujerar, shi ne a kai ranar 1 ga Oktoba 1960. Da aka ba shi wani aiki sai Ibrahim Jalo Waziri na Gombe ya karɓa, ya riƙe har ranar da soja suka rufe majalisar. Majalisar Dattawa kuwa ta fara da mutum 44, ba zaɓaɓɓun jama'a ba, gwamnatoci ne ke tsayar da su. Azikiwe ya fara shugabantarta, sai Dennis Osadebay, sai Nwafor Orizu.

A yi tunanin abin da wannan ɗaki ke nema daga mutumin da ya tashi a Zariya. A fada, in za ka yi magana gaban sarki sai ka zube, ka ce Allah ya ba ka nasara, ka faɗi abin da ke tafe da kai a taƙaice, ka bar hukunci ga mai shi. Saɓa wa babba a bainar jama'a rashin kunya ne, ko da kai ke da gaskiya. Akwai hanyoyin da ake bi a isar da ita a asirce. A majalisa kuwa miƙewa ake yi tsaye, a dubi minista a ce masa lissafinsa bai yi daidai ba, a kuma rubuta a buga. Malamin makaranta na iya samun kansa a benci ɗaya da hakimin da ke sa hannu a takardar albashinsa. 'Yan jaridar Ikko sun riƙa yi wa shirun wakilan Arewa fassarar jahilci ko tsoro. Wani lokaci rashin sakin baki da Turanci ne, gaskiya. Amma sau da yawa tarbiyya ce, da kuma sanin cewa an riga an gama magana a taron jam'iyya, ko a Kaduna. Waɗanda suka iya haɗa ladabin gida da kaifin muhawara, irin su Tafawa Ɓalewa da Maitama, sai da abokan hamayya suka sara musu.

Maganar harshe ta taɓa zuwa gaban majalisar kanta. A 1961 Malam Yerima Balla daga Adamawa ya kawo ƙudurin a ƙarfafa koyar da Hausa don ta zama harshen da zai haɗa ƙasa, Enahoro ya yi adawa mai zafi, yana tsoron a danne ƙananan ƙabilu. A Kaduna, a zauren Lugard, ana muhawara da Hausa da Turanci, akwai tafintoci, Alhaji Umaru Gwandu na shugabantar zama. A Ikko tsarin mulki ya ce Turanci kaɗai. Don haka abin da wakilin Zariya ya faɗa da sunan jama'arsa, jama'ar ba sa jin sa sai in Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fassara, ko rediyo ya taƙaita. Mai karatu ɗaya ya karanta wa mutum goma a bakin kasuwa ko a ƙofar gida bayan la'asar. Ta wannan siririyar hanya kaɗai majalisar ke shiga cikin ganuwa.

Zaɓen 12 ga Disamba 1959 shi ne karo na farko da mutumin Arewa ya jefa wa ɗan majalisar tarayya ƙuri'a da hannunsa, a asirce. Kujeru sun zama 312, Arewa na da 174. Kowane ɗan takara da akwatinsa, an manna alamar jam'iyyarsa a jiki saboda marasa karatu: fartanya ta NPC, tauraro na NEPU, zakara na NCNC ta Azikiwe, bishiyar kwakwa ta AG. 'Yan NPC na kiran Salama, 'yan NEPU na kiran Sawaba. Awolowo, shugaban AG, ya shigo Arewa da jirgi mai saukar ungulu, ya ƙulla ƙawance da UMBC ta Joseph Tarka, wadda ke da magoya baya a kudancin Lardin Zariya, inda jama'a da yawa ba Musulmi ba ne kuma suna da daɗaɗɗen kuka a kan hakiman da ake turo musu daga birni. Wannan kuka gaskiya ne, kuma rashin sauraronsa da wuri ya jawo wa ƙasar Zazzau baƙin ciki a shekarun da suka biyo baya. NPC ta fito da kujeru 134, ta ƙaru da 'yan takara masu zaman kansu, ta haɗa gwamnati da NCNC. NEPU ta samu takwas, Malam Aminu ya shiga majalisa daga Kano, Awolowo ya zama jagoran 'yan adawa.

Maza ne kaɗai suka yi wannan zaɓe a Arewa. Matan Kudu sun jefa ƙuri'a, matan Arewa an ce su zauna gida. Wadda ta fi kowa ɗaga murya a kan wannan 'yar Zariya ce, Hajiya Gambo Sawaba ta Sabon Gari, shugabar matan NEPU. An ɗaure ta sau da yawa, an yi mata duka, ba ta daina ba. Duk wanda zai rubuta sunayen 'yan majalisar wancan zamani ya kamata ya tuna cewa rabin mutanen da ake cewa ana wakilta ba a taɓa tambayarsu ba, kuma matar da ta fi yawancin wakilan jarunta ba ta da ikon jefa ƙuri'a, balle ta tsaya takara. Haka kuma 'yan adawa maza ba su sha da daɗi ba. Izinin yin taro a hannun En'e yake, alƙalin da zai yi shari'ar wanda aka kama ma'aikacin En'e ne, ɗan takarar NPC kuma sau da yawa ɗan majalisar sarki ne ko hakimi. Ba a buƙatar satar akwati a inda abubuwa suke haka.

Zaman majalisar kansa gajere ne. In an haɗa kwanakin shekara duka ba su wuce 'yan makonni ba, mafi tsawo shi ne na kasafin kuɗi wajen Maris da Afrilu, lokacin da ministan kuɗi Festus Okotie-Eboh ke gabatar da lissafinsa. Wakili ya hau jirgi a tashar Sabon Gari, ya bi ta Kaduna, Minna, Jebba, Ilori da Ibadan, ya kwana a hanya, ya sauka a Iddo. Ya yi kwanakinsa a gidajen da aka gina wa 'yan majalisa, cikin zafi da gumin bakin teku da abincin da bai saba da shi ba, sannan ya koma bakin aikinsa na En'e. Dokoki da yawa a gurguje suke wucewa, kwamitocin da za su bi diddigin ma'aikatu ba su da ƙarfi, kuma yayin da gwamnati ke ƙara yawan ministoci da sakatarorin majalisa, masu yi mata tambaya na raguwa. Duk da haka kada a raina abin da aka yi. A wannan zaure aka amince da neman 'yancin kai baki ɗaya a 1957, da goyon bayan Arewa. Da ɗalibai suka mamaye harabar majalisar a 1960 kan yarjejeniyar tsaro da Ingila, maganar ba ta mutu ba har aka soke yarjejeniyar a 1962. A 1961 Nijeriya ta kori jakadan Faransa saboda gwajin bam ɗin nukiliya a Sahara, inda iska ke kaɗowa ƙasar Hausa kai tsaye. Yawancin 'yan majalisar nan sun bar mulki ba su tara abin a zo a gani ba, kuma wannan shaida ce da tsararsu da abokan hamayyarsu suka bayar.

Inda majalisar ta gaza shi ne lokacin da aka fi buƙatar ta tsaya da ƙafarta. A watan Mayun 1962, bayan rikici ya raba AG biyu, aka kira zama aka amince da dokar ta-ɓaci a Jihar Yamma cikin yini guda, aka naɗa Dakta Majekodunmi ya riƙe jihar. A 1963 aka ɗaure jagoran 'yan adawa shekara goma bisa laifin cin amanar ƙasa, bencin adawa ya kusa zama kango yayin da wakilai ke tsallakawa ɓangaren gwamnati. Ƙidayar 1962 da ta 1963 suka zama abin faɗa, domin kowa ya san yawan kai shi ne yawan kujeru. Zaɓen 30 ga Disamba 1964 ya zo da ƙaurace wa akwati a Gabas da wasu wurare, Shugaban Ƙasa Azikiwe da Firayim Minista suka yi kwanaki ba su jitu ba. NPC ta fito da kujeru 162 cikin 167 na Arewa, wato ita kaɗai ta fi rabin majalisa. Rinjayen da aka nema don kare Arewa ya kai inda babu mai iya ce wa gwamnati tsaya a cikin zauren. Da Jihar Yamma ta kama da wuta bayan zaɓen Oktoban 1965, majalisar da ta yi saurin sa dokar ta-ɓaci a 1962 ba ta yi wani abin kirki ba.

A makon biyu na Janairun 1966 Ikko ta karɓi shugabannin ƙasashen rainon Ingila don tattauna tawayen Turawan Rodeshiya, karo na farko da aka yi irin wannan taro a wajen Landan, Nuhu Bamalli na ministan harkokin waje. Kwana uku bayan an watse, daren 15 ga wata, wasu hafsoshin soja suka kashe Sardauna a Kaduna, Firimiyan Yamma Akintola a Ibadan, suka ɗauke Firayim Minista da ministan kuɗi a Ikko, su ma aka kashe su, tare da manyan hafsoshi irin su Birgediya Maimalari da Kanar Kur Muhammad. Azikiwe ba ya ƙasar, Nwafor Orizu, shugaban Majalisar Dattawa, shi ke riƙon ƙwarya. Ministocin da suka rage suka taru, Zanna Bukar Dipcharima na gaba a ɓangaren NPC, suna neman a naɗa muƙaddashin Firayim Minista. Ba a naɗa ba. Daren 16 ga wata Orizu ya yi jawabi a rediyo ya miƙa mulki ga Janar Aguiyi-Ironsi, dokar soja ta farko kuma ta dakatar da majalisa.

Arewa ta yi kukan shugabanninta, kuka mai tsanani wanda ya rikiɗe ya zama zubar da jini a watan Mayu da bayansa, Zariya ma ba ta tsira ba. Amma majalisar kanta ba a ji wanda ya fito yana neman a maido ta ba. Wakilai suka hau jirgi suka koma gida, hakimi ya koma gundumarsa, malami ya koma ajinsa. Nuhu Bamalli ya ci gaba da riƙe sarautarsa ta Magajin Gari har ya rasu a 2001; babbar kwalejin kimiyya da fasaha ta Jihar Kaduna da ke Zariya sunansa take ɗauke da shi, ɗansa Ahmad kuma ya zama Sarkin Zazzau a 2020. A watan Agustan 1966 mulkin ƙasa ya faɗa hannun Yakubu Gowon, wanda ya tashi a Wusasa ya yi karatu a Barewa, Dakta Dikko na cikin kwamishinonin da ya naɗa daga baya. Sai a 1979, bayan shekara 13, aka sake rantsar da majalisar tarayya, bisa tsari irin na Amurka, inda minista ba ya zama a zaure. A zaɓen wannan shekara matan birnin Zariya suka jefa wa 'yan majalisar tarayya ƙuri'a a karo na farko.